Inuwata a Bangon Madafa

Kwana tara ke nan ban hura wuta ba.

Ni Hassana mai waina, wadda duk direban da ya taɓa tsayawa layin Magama yana jiran kwastan su sake shi ya san ƙofar gidana, yau ga tandata a kife. Shekara ashirin da shida ina suya a bakin bodar nan. An rufe boda na soya, an buɗe na soya. Sai da yaron da ke son ɗiyata ya shigo mini gida da kyamara sannan wutata ta mutu.

Mudathir sunansa. Shagon hoto gare shi kusa da tasha, yana yi wa matafiya hoton fasfo. Mutanensa ’yan Maraɗi ne. Shi ke neman autata Zulfa, har an tsayar da ranar da wan mahaifinsa, Alhaji Mahmudu, zai tsallako neman aure.

Ban ƙi yaron ba. Cutarsa ɗaya ce, ba ya kallon mutum, hasken da ke jikin mutum yake kallo.

Wata safiya ya zo gaishe ni a madafa, ya tsaya bakin ƙofa kamar an kafe shi. Kwanon rufin madafata tsatsa ta ci shi ta gabas, ta bar huda mai faɗin faifai. In hantsi ya ɗaga, rana takan zubo ta nan, ta ratsa hayaƙi, ta sauka daidai inda nake zama.

“Inna, don Allah ki bar ni in ɗauki wannan.”

“Ka ɗauki mi? Hayaƙi?”

“Ke da hasken.”

Na ce ya ɗauka. Kwana uku yana zuwa yana tsugunawa a lungu, ko tari ba ya yi. A na ukun maƙwabciyata Salmatu ta shigo ɗibar garwashi, ta tsuguna jikin bango. Ni kuma na ɗaga hannu da tsinke zan juya waina. Iyakar abin da ya faru ke nan, kuma zan maimaita shi gaban kowa.

Amma da ya je ya haɗa fim ɗinsa, sai ya zare mishi launi, ya bar baƙi da fari. Rabin fuskata na ƙyalli, rabi ya nutse cikin duhu. Inuwar hannuna ta hau bango, yatsun sun miƙe kamar manjagara, suka rufe fuskar Salmatu.

Bayan sati ɗaya zazzaɓi ya kwantar da ita. Tana sambatu tana kiran sunana. To wa za ta kira? Ni ce mai kai mata kunu duk sanda ta kwanta.

Sai Badamasi ya samu abin da yake nema. Ɗan canji ne a bakin boda, sau biyu yana aiko wa Zulfa ana mayar mishi. Daga fim ɗin da Mudathir ya sa a waya ya yanko wurin inuwar nan kaɗai, bai fi tsawon atishawa biyu ba, ya sa murya a kai yana cewa a zo a ga yadda ake kama kurwa. Kafin la’asar babu wayar da bai shiga ba, daga tasha har Gangara.

Mayya. Sunan da aka ba ni ke nan da furfurata.

Direbobi suka koma wucewa suna kallon ɗaya gefen titi. Dangin Salmatu suka zo wai in je in tsallaka ta, kamar yadda ake sa maye ya yi don ya saki wanda ya kama. In na tsallaka na amsa laifi, in na ƙi na zama mai taurin zuciya. Na kore su da muciya. Ranar na hau turmi na toshe hudar nan da buhu da laka, na ja ƙofar madafa.

Washegari saƙon Alhaji Mahmudu ya iso daga Maraɗi. Kalma biyu ce: a dakata.

*

A rana ta tara na tarar da Zulfa zaune bakin gado, wayarta na ta haske a cinyarta ba ta ɗauka ba. Idonta ya kumbura kamar wadda zuma ta harba.

“Mudathir ne?”

“Shi ne, Inna.”

“Mi yake so kuma? Bai gama ba?”

“Inna, wallahi bai yi da nufi ba. Ya ce shi kyau ya gani. Ya ce bai taɓa ganin fuska kamar taki a cikin hasken nan ba.”

“Kyau? Kyan ne ya hana ni cin abinci kwana tara?”

Ta zamo ƙasa ta kama ƙafata. “Kwana uku bai buɗe shago ba. Ya je gun Baffansa har sau biyu, an ƙi ko ba shi wurin zama. An ce mishi ko da ƙarya ne, wa zai yarda a kira jikokinsa jikokin mayya? Inna, in ba shi ba, ni ban san yadda zan yi ba.”

“Ga Badamasi, shi ya aiko jiya. Wai duk da abin da ake faɗi, shi zai rufa mana asiri.”

Ta ɗago da sauri. “Ki kai ni rijiya ya fi.”

“Da kin ce ba haka ba, da ni zan kai ki.”

Ta yi wata dariya da ta koma kuka. Na kasa zama. Na fita tsakar gida, na dawo, na ɗauki mayafi, na ajiye, na sake ɗauka.

“Ina za ki, Inna?”

“Gun mai ganin kyau.”

*

Na same shi ya kulle kansa cikin shago da rana tsaka. Da ya buɗe ya gan ni, sai ya zube ƙasa.

“Tashi. Ba gaisuwa ta kawo ni ba. A ina ka koyi wanga mugun abu?”

“Inna, ki yafe mini.”

“Ban zo yafiya ba tukuna. Duk finafinan da ake kallo a garin nan fuska fes take, ana rawa ana waƙa. Kai wa ya ce ka raba mini fuska biyu?”

Ya jawo mini kujera ya buɗe kwamfutarsa. Ya ce tsofaffin finafinai ne na wasu ƙasashe masu nisa, an yi su tun kafin a haifi ubansa. Ya ce su ya kalla har suka hana shi sukuni.

Ya kunna ɗaya. Babu launi, babu kiɗa. Wata tsohuwa ce zaune gefen taga, cikin ɗakin da ba komai sai tebur da kofi biyu. Haske ya shigo ta tagar ya kwanta a kuncinta ɗaya, ɗayan ba a ganinsa.

Na jira ta yi magana, ba ta yi ba. Na jira a juya a nuna wani abu, aka ƙi juyawa. Na gyara zama. Na sake gyarawa.

“Ya lalace ne?”

“A’a Inna, haka yake.”

“To don mi aka tsare mu da ita?”

Ina cikin kallo sai na lura hasken yana tafiya. A hankali ya sauka daga kuncinta ya koma wuyanta, daga nan ya gangara kan tebur, ya tsaya kan kofin da ba kowa gabansa. Ita ko ba ta motsa ba, duhu ne ya yi ta cinye ta har saura idonta ɗaya.

“Mijinta ya mutu,” na ce.

Ya juyo ya kalle ni. “Inna, ai ba a faɗa ba tukuna. Sai can gaba.”

“Sai an faɗa mini? Shekarar da mijina Malam Kalilu ya rasu, kwano biyu na riƙa fiddawa har damina ta wuce.”

Ya ce abin da suke yi ke nan. Haske ɗaya suke bari, daga gefe, don abin da aka ɓoye a duhu shi mai kallo zai cika da abin da ke ransa.

Nan raina ya sake tashi.

“To ka ji da bakinka. Mai kallo zai cika da abin da ke ransa. Su can da suka ga tsohuwa a duhu sai su ce mijinta ya mutu. Nan Jibiya in aka ga tsohuwa a duhu mi ake cewa? A garin nan ka girma ko a cikin akwatin nan? Ka ari duhun mutane ka yafa mini, ba ka tambayi mi duhu ke nufi a unguwarmu ba.”

Hawaye ya zubo mishi. Ban ji tausayinsa ba.

“Nuna mini nawa. Duka, ba guntun Badamasi ba.”

Ya kunna. Na ga hayaƙi yana murɗawa cikin haske kamar zaren da ake kaɗi. Na ga mai yana tsalle a tanda. Na ga Salmatu ta shigo, na ga inuwar ta wuce ta fuskarta, ta wuce, ita kuma ta yi dariya ta saci waina ɗaya ta fita. Wannan duk Badamasi ya yanke shi.

Sai aka matso da fuskata har ta cika gilashin.

Ba ni na gani ba. Innata Adama na gani. Tsagar kuncinta, karkata kan nan nata, tsinke a hannun hagu. Matar da ba ta bar hoto ko ɗaya a duniya ba, ga ta tana kallona.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har Zulfa. Mu ba ’yan Jibiya ba ne asali. Daga wani ƙauye muke, can bayan Ɗan Issa. Ina da shekara tara wani jariri ya mutu a maƙwabta, aka ce Innata ce. Da jifa aka raka mu har bayan gari. Da ƙafa muka shigo ƙasar nan, tanda a kanta, ni riƙe da zaninta. Ta mutu ba wanda ya wanke ta daga wannan suna.

Na goge idona da bakin mayafi kafin yaron ya gani.

“In na tsayar da wani a inda na zauna, inuwar za ta sake yin haka?”

“Ko waye, Inna. In dai lokacin ne, kuma akwai hayaƙi.”

“Ko Alhaji ne?”

“Ko waye.”

“To ka je ka gaya wa Baffanka na kai ƙara gun Mai Unguwa. Jibi da hantsi, a gidana. In bai zo ba, ni zan tsallaka in same shi a Maraɗi, kuma ba a hankali zan yi sallama ba.”

*

Jibin ya zo da hadari.

Tun da gari ya waye nake fita ina duba gabas. Gajimare ya taru ya yi baƙi, ba ruwa ba rana. Na kwaɓa ƙullu, na hura wuta karo na farko cikin kwana goma sha ɗaya.

Mai Unguwa ya zo da dattawa biyu. Mijin Salmatu ya zo, ita kuma tana gida, Zulfa ce ta kai ta asibiti aka ce zazzaɓin taifot ne, har ta fara shan kunu. Badamasi ya zo da sabuwar shadda yana taunar goro, ya tsaya daga baya. Mata suka cika kan katanga.

Alhaji Mahmudu ne ƙarshen shigowa. Dogo ne, fari sol a gemu. Ya gaisa da maza, ni ko bai yarda mun haɗa ido ba.

Mudathir ya leƙa madafa ya fito fuskarsa ta canza.

“Inna, ina hudar?”

Sai a lokacin na tuna ni na toshe ta da hannuna.

Badamasi ya yi dariya. “An ɓoye ƙofar da ake shigowa ke nan.”

Na ɗauki taɓarya na shiga, na daki rufin. Laka ta zubo mini a ka. Na sake duka, buhun ya faɗo, har da wani yankin kwanon. Na fito ina tofar da ƙasa.

“Ga ƙofar nan na buɗe. Kai za ka fara shiga.”

“Ni? Mi ya haɗa ni da madafar mata?”

“Abin da ya haɗa ka da ita a waya.”

Mai Unguwa ya ce ya shiga. Ya shiga yana tattare shadda, ya zauna kan kujerata. Aka tsugunar da mijin Salmatu jikin bango. Mudathir ya saita kyamara.

Rana ta ƙi fitowa.

Muka jira. Hayaƙi ya cika ɗakin, Badamasi ya fara tari. Wani dattijo ya duba agogo. Zulfa na bayana tana murza gefen mayafina har na ji zai yage.

“Inna, in ba ta fito ba fa?”

“Sai su dawo gobe.”

“Ba za su dawo ba, Inna. Kin san ba za su dawo ba.”

Alhaji Mahmudu ya gyara babbar rigarsa ya ce wa Mai Unguwa shi yana da hanya gabansa, kada layin duwan, kwastan ɗin ƙetare, ya yi tsawo. Har ya juya.

Sai haske ya faɗo ta hudar kamar an zuba shi da ƙwarya.

“Ɗaga hannu,” in ji Mudathir.

Badamasi ya ƙi. Na miƙa mishi tsinke na ce ko ya ɗaga ko in ɗaga mishi. Ya ɗaga. Inuwar ta hau bango, yatsu zara-zara, ta rufe fuskar mijin Salmatu ruf. Matan kan katanga da ke hango ta ƙofa suka kwashe da dariya. Mudathir ya zare launin ya zagaya da hoton. Badamasi ya fi ni muni, don shi har da haƙoran goro.

“To ga wani mayen,” na ce. “A kai shi ya tsallaka mijin Salmatu.”

Ya fita bai ko karkaɗe rigarsa ba.

Mai Unguwa ya ce magana ta ƙare, kowa ya gani da idonsa. Amma ni na san ba ta ƙare ba. A garin nan ba a wanke mai wannan suna da baki, sai an ci daga hannunta. Na zauna inda Badamasi ya tashi, cikin hasken, na zuba ƙullu, na juya, na kwashe guda uku a faifai. Na miƙa wa Alhaji Mahmudu.

Bai karɓa ba. Hannuna yake kallo.

“Mace ɗaya na taɓa gani tana juya waina da hagu,” ya ce a hankali. “Da wannan tsagar. Tun da na gani a waya ban samu barci ba. Ke ɗiyar Adama ce?”

Zulfa ta saki mayafina.

Zan iya cewa a’a. Ba mai ƙaryata ni a nan.

“Ni ce.”

Ya sunkuyar da kai. “Ni ma ɗan ƙauyen ne. Shekarata goma lokacin. Manya suka ce mu jefa, muka jefa. Nawa ya same ta a kafaɗa. Bayan kun tahi, jarirai uku suka sake mutuwa a shekarar. Ƙyanda ce. Kowa ya sani, ba wanda ya bi ku ya faɗa.”

“To da ka gane ni, don mi ka ce a dakata?”

“Da wane ido zan zo in roƙi jikarta?”

“Sai ka bar ni da sunan, don kada ka ji kunya.”

Bai musa ba. Ya miƙo hannu zai ɗauki wainar.

Na janye faifan.

“Inna,” in ji Zulfa. “Inna, don Allah. Zai ci fa.”

Mudathir ya durƙusa. “Inna, in kina so in goge fim ɗin yanzu gaban kowa, zan goge.”

“Ka goge in karya maka hannu. Fuskar uwata ce.”

Na juya ga Alhaji. Hasken ya riga ya fara barin kujerar, ya hau gefen tanda.

“Ba nan za ka ci ba. Nan ni aka ɓata, kuma rana ta wanke ni. Ita a can aka ɓata ta. Ranar Juma’a zan ɗauki tandar nan in tsallaka, in kafa murhu a ƙofar gidan da kuka kore mu. In an sauko daga masallaci, ka ci gaban mutanenku, ka faɗi abin da ka faɗa yanzu da ƙarfi. In ka yi, Zulfa ta Mudathir ce. In ba ka yi ba, kada wani naku ya sake taka mini zaure.”

Zulfa ta fashe da kuka ta kifa kai a bayana. Ina jin hawayenta na ratsa rigata. Na san abin da na ɗora a kan faifan nan, ba nawa ba ne ni kaɗai.

Alhaji ya kalli ɗan ƙaninsa a durƙushe, ya kalli bangon da inuwar ta bari.

“Akwai waɗanda suka yi jifan da har yanzu suna raye,” ya ce. “Ɗaya shi ke ja mana salla a ƙauyen.”

“Sai in ƙara ƙullu.”

Ya sa takalmansa. Ya tafi har bakin zaure. Sannan ya tsaya, bai juyo ba.

“Mudathir, ranar Juma’a ka ɗauko su da sassafe. Ka zo da kyamarar.”